Furannin Ƙarƙashin Toka

Alhaji Shitu ya ture samfuran atamfa gefe, ya nuna kalandar da ke rataye a bango. "Wannan nake so."

Mas'udu, ƙaninsa, ya dafe kai. Tun safe suke zaune a ofishin Madam Lin, mai buga musu atamfa, a saman wani bene a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje inda suka je sari. Atamfar bara tana nan jibge a kasuwar Kwari, don kowa irin furenta ya kawo. 'Ya'yan Alhaji kuwa sun gama magana: in ta bana ma ta kwanta, shi da hawa jirgi har abada.

Jajayen furanni ne a hoton, sun tsiro a kan duwatsu, ga tsattsewa suna shawagi a samansu.

"Laoban, meyo," in ji Madam Lin tana dariya, wato maigida, babu. Ta yi magana cikin wayarta, wayar ta fassara: zanen bangon wani ɗaki ne a wani tsibirin Girka. Dutse ya yi aman wuta, toka ta binne garin sama da shekara dubu uku. Masu haƙa sun tarar da benaye da manyan tuluna, amma ko ƙashin mutum ɗaya ba su gani ba. Ana jin mutanen sun tsere tun da wuri.

Idon Alhaji ya kawo haske. "Ka ji ko? Launin da ya yi shekara dubu uku bai koɗe ba, shi ne zai kwanta a Kwari?"

"Yaya, da tsuntsayen? Wace mace za ta ɗaura zane mai hoton abu mai rai ta ta da salla? Hajiyarka ma da shi za ta koro ka."

Alhaji ya san gaskiya ce. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗora babban yatsa a kan tsattsewar. "A cire su."

Madam Lin ta nemo hoton a kwamfuta ta goge su. Ta jawo fure za ta cike gurbin, sai ya ɗaga hannu.

"A bar wurin."

"Fili haka kawai?" in ji Mas'udu. "Ai masu saye sai sun tambaya."

"Su tambaya mana," in ji Alhaji, yana gyara zaman hularsa. "Sai in ce musu masu wurin sun tashi kafin toka ta sauko. Madam, a buga."