Ƙafar Alhaji Bukar

Juwairiya, Allah Ya ji ƙanta, shekararta huɗu tana aikin nas a garin Lafiya lokacin da aka kwantar da Alhaji Bukar a asibitinsu. Da daminar 2002 ne. Ba wanda bai san Alhaji Bukar ba a garin. Manyan motocinsa ne ke kwasar doya daga Assakio zuwa kudu, kuma a shekarar yana neman kujerar majalisa, hotonsa na manne a bango tun daga Bukan Sidi har bakin kasuwa.

Ciwon suga gare shi. Tuntuɓe ya yi, babban yatsan ƙafar dama ya fashe, ya raina abin har ya zama gyambo, wurin ya fara baƙi. Dokta Patrick ya duba ya ce a wanke sau biyu a rana, a ɗora ƙafar a kan filo, kada ta taɓa ƙasa, kada ta shiga takalmi. Ya ce in baƙin nan ya kai idon sawu, sai dai a yanke ƙafar.

Aka ba shi ɗaki shi kaɗai a ɓangaren manya. Matron Ngodoo, shugabar nas-nas, ta zaɓi Juwairiya saboda hannunta ba ya da zafi wajen wankin ciwo. Ta ja ta gefe ta ce, “Abeg, don Allah, wannan ba irin marasa lafiyan babban ɗaki ba ne. Ki yi aikinki, ki rufe baki. Kar ki jawo mini wahala.”

Tun rana ta biyu 'yan dubiya suka fara zuwa. Ƙarfe goma na safe motoci sun cika harabar asibiti: 'yan jam'iyya, dillalan doya, limamai, masu unguwanni. Shi kuwa Alhaji ba ya yarda baƙo ya same shi kwance. Sai ya zura babbar riga, ya kafa hula, ya sa safa, ya tura ƙafar nan mai ciwo cikin rufaffen takalmi, ya fita baranda ya zauna a kujera. Duk dattijon da ya zo sai ya miƙe masa. A yi addu'a, a shafa, wasu su tafi wasu su zo, har la'asar. Juwairiya na tsaye a bakin ƙofa da tiren kayan wanki, ba mai kallonta.

In ya dawo ɗaki, safar ta manne da ciwon. Sai ta jiƙa da ruwan gishiri tana ɓamɓarewa a hankali, shi kuma ya kama ƙarfen gado yana ambaton Allah. Kullum in ta gama takan sa biro ta ja layi a fatar, daidai inda baƙin ya tsaya. Washegari ta tarar ya tsallake layin.

Likita ya yi magana, amma cikin ladabi ya yi ta. “Ranka ya daɗe, da za a ɗan rage zaman waje.” Alhaji ya ce, “To, likita.” Gobe ma ya fita. Matron ta rubuta takardar hana dubiya ta manna a ƙofa, ba wanda ya tsaya karantawa.

Abin ya tsaya wa Juwairiya a rai. A babban ɗaki akwai wani manomi mai irin wannan ciwon, ta yi masa tsawa sau ɗaya da ta gan shi tsaye, tun daga nan bai sake sauke ƙafa ba, ga shi ciwonsa na haɗewa. Wannan kuwa ana ba shi maganin da ya fi tsada, amma ba mai iya ce masa kwanta.

Rana ta biyar, tana naɗa bandeji, ya dube ta ya ce, “Ke 'yar gidan wa ce?”

“'Yar Bobbo ce, ranka ya daɗe. Rugarmu na kusa da Obi.”

Ya yi dariya har gadon ya girgiza. “Ashe Bafulatana ce! Ashe baiwata ce ke wanke mini ƙafa. Haka ya dace.”

Alhaji Babarbare ne, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a tsokani juna, a ƙwace wa juna kaya, wanda ya yi fushi shi ke da abin kunya. Juwairiya ta yi murmushi kawai, ba ta rama ba. Amma ta tafi gida da maganar.

Da safe ta wanke ciwon, ta ja layinta. Da ta kwashe tire sai ta sunkuya ta ɗauki takalman daga ƙarƙashin gado, ta kai akwatin kayanta ta kulle. Ta san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a tura ta wani ƙauye mai nisa.

Wajen ƙarfe goma ya sa riga, ya laluba ƙasa da ƙafar hagu. “Ina takalmana?”

“Na kama su.”

“Kin yi me?”

“Babarbare ya faɗo hannun Fulani. Kayan bawa ai na uwar ɗakinsa ne.”

“Ke yarinya, mutanen jam'iyya na hanya daga Obi. Ina da wasu takalman a gida, yanzu direba zai kawo.”

“Ya kawo. Akwatina da girma.”

Matron na tsaye a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.  Ba dama Alhaji ya yi fushi, shi ya fara wasan.

Juwairiya ta durƙusa ta ɗaga gefen bandejin. “Baba, duba nan. Wannan layin na Litinin ne. Wannan na Laraba. Ga na yau. Saura faɗin yatsu uku ya kai idon sawu.”

Ya daɗe yana kallo. Tunda aka kwantar da shi bai taɓa duban ƙafar sosai ba. Ya ce a hankali, “Kin san abin da za su ce in sun gan ni kwance? Bukar ya ƙare. Kafin azahar maganar ta kai tasha.”

“Za su faɗa, Baba. Ban ce ba za su faɗa ba.”

Aka ji sallama a baranda. Alhaji ya dubi ƙofa, ya dubi ƙafar. Sai ya cire hula ya ajiye, ya koma ya kwanta, ya bar ta ta ɗora ƙafar a kan filo. Ya ɗaga murya. “Ku shigo, ku shigo ku ga abin da Fulani suka yi mini! Sun bar satar shanu sun koma satar takalmi.”

Mutanen suka shigo suna dariya, wani ya ce ai sai a biya fansa. Amma sun ga ƙafar, kuma sun ji warin ɗakin. Ba su daɗe ba suka yi addu'a suka fita.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Mako bai cika ba motoci suka ragu a haraba. Kafin wata ya ƙare jam'iyya ta tsayar da wani. Alhaji ya ji a rediyo, ya kashe, ya juya fuska bango. Kwana biyu bai tsokane ta ba, in ta shigo sai ya miƙo ƙafa kawai. Juwairiya ba ta taɓa sanin ko ya riƙe ta a zuciya ba. Duk sanda take ba da labarin nan, in ta zo wurin sai ta ce ita dai ƙafa aka ba ta ta kula da ita.

Yatsan bai tsira ba, an cire shi. Amma baƙin ya tsaya a layin ranar Asabar, bai ƙara gaba ba. A mako na shida Dokta Patrick ya danna wurin da yatsa, ya ga nama ja ya cika ramin, ya ce ba za a yanke ƙafar ba, yau ma a gwada tsayuwa.

Alhaji ya zauna a bakin gado. Ya ce, “Akwai mutane a waje?”

“Uwargidanka Hajiya ce kaɗai, Baba, ta kawo kunu.”

Ya gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗar Juwairiya, ya sauke ƙafar hagu, sannan ya sauke ta dama a kan siminti, ya ɗora mata nauyinsa kaɗan kaɗan. Ƙafar ta ɗauke shi. Ya yi taku uku zuwa taga, ya tsaya yana haki.

“Kira Hajiya,” ya ce. “Ta zo ta gani.”