Dangwalen Uwar Biyu

Fitilar na'urar ɗaukar zanen yatsa ta yi ja. Uwar Biyu ta goge babban yatsanta a gefen zane, ta hura masa iska, ta sake ɗora shi a kan gilashin. Ja dai. A bayanta layin ma'aikata ya kai bakin titi, kowa yana leƙen agogon da ke saman ƙofar kamfanin wankin.

"Yau ma surukar taki ta ƙi amsa gaisuwa?" in ji mai gadi.

Aka yi dariya, ita ma ta taya su. Ya buɗe mata ƙaramar ƙofa ta wuce, amma da shi da ita sun san duk shigar da na'ura ba ta shaida ba, fashi ake rubuta ta a ofis. Manaja kuwa ya riga ya sanar cewa mai yawan fashi ya nemi wani wurin.

A sashen cire tabo take aiki. Zannuwan gadon otal da suka gagari inji su ake jibge mata, masu jan-baki, masu jini, masu maiƙo. Ta tsoma su a bahon ruwan zafi da bilic da soda, ta cuɗa da hannu har a tashi. An taɓa raba musu safar hannu ta roba, ranar da wasu baƙi suka zo duba kamfanin. Tata ta huje tun tuni, ruwan wankin ya shiga ya yini a ciki tare da gumi. Duk da haka ba ta cire ta, domin yanzu ba kariya take nema a wurinta ba, rufin asirin hannunta take nema.

Da ƙaiƙayi abin ya fara, a tsakanin yatsu. Sai fatar ta yi ja, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, daga baya ta bushe ta shiga tsagewa kamar faso a dunduniya. Ranar hutu yakan lafa, ta koma bakin baho ya dawo. Matan sashen suna da maganinsu da suka gada daga waɗanda suka riga su. In an tashi sai a tsiyaya bilic, wanda ba a sirka ba, a murfin bokiti, a tsoma yatsu, a cije leɓe. A ganinsu abin da ke kashe ƙwayar cuta a zanen gado ba zai bar ta hannu ba. Zafin kan kori ƙaiƙayin na ɗan lokaci, su ce magani ya ci. Uwar Biyu mace ce mai bin ƙa'ida, ba ta taɓa tsallake rana ba.

*

Mijinta tela ne, idanunsa sun fara gajiya da zare da allura, ɗinkin ma sai jefi-jefi. Shi ya matsa mata zuwa asibiti, ranar da ya ga tagwayensu suna gudun wanka saboda hannun uwarsu yana karce musu baya.

Malamar asibitin ta juya hannun gaba da baya, ta tambayi irin aikinta, ta kuma tambaya ko tana yarinya ta yi fama da ƙaiƙayin fata. Ta ce ta yi, a bayan gwiwa. Malamar ta ce wannan ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma a ɗauka. Jiƙa da sinadari ne suka cinye maiƙon fatar, robar mai huji ta riƙe mata su a jiki, ga fatar dama ba mai juriya ba ce. Da ta ji labarin murfin bokiti sai ta ajiye biro, ta ce kada ta sake. Ta ba ta man shafawa, ta ce ta raba hannun da ruwan wanki, in ya warke zanen yatsan da ya goge zai dawo.

A hanya mijin ya ce, "Ki nuna wa manaja. In ya gani da idonsa zai san ba fashi kike yi ba."

"Baban Biyu, in ya gani fa?"

"To in bai gani ba fa?"

Tsoro take ji, gaba kura baya sayaki, kuma ta san aikin nan shi ke riƙe da gidan.

*

Manaja mutum ne mai fara'a. Da ta zare safar ta shimfiɗa hannuwan a bakin teburinsa, sai ya matsar da kujerarsa baya, ya janye kofin shayinsa. Ya ce shi bai taɓa shakkar zuwanta ba, kowa ya san ƙwazonta. Sai dai zannuwan nan manyan baƙi ke kwana a kansu, in maganar ta kai kunnen otal ba ta da daɗin ji. Ta ce a asibiti an ce ba a ɗauka, aikin ne ya jawo. Ya ce to ai ta faɗa da bakinta, aikin bai karɓe ta ba, shi kuma ba zai ɗauki alhakinta ba. Ya yi mata fatan sauƙi, ya tura ta wurin akawu.

Akawu ya miƙo mata takardar sallama da biro. Ta ce ba ta iya rubutu ba, sai ya turo mata gwangwanin tawada. Ta danna yatsan a ciki, tawadar ta bi tsagar fata, raɗaɗin ya kai mata har gwiwar hannu. Ta dangwala inda ya nuna. Abin da ya fito baƙin tabo ne sumul, ba zane ko ɗaya.

"Bai fito ba," ta ce. "In sake?"

Akawu ya ɗaga takardar, ya hura mata iska don ta bushe.

"Ya yi, Inna. Wannan ba mai dubawa."