Ɗaki Mai Taya da Kunun Ayar Zinatu

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma a cikinsa aka tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa a majalisarmu ta ƙofar gida: duk wanda ya mallaki sola da batir ya gama da bukatar 'yan Adam. Tun ranar da aka kafa mana sola a gida nake faɗin haka, har yau kuma ban ga dalilin janyewa ba.

A mafarkin na mallaki ɗaki mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota ta ja. Akwai gado a ciki, da murhu, da banɗakin da sai mutum ya shiga da baya. A kan rufi farantan sola ne jere suna ƙyalli. A ƙarƙashin gado batir yake zaune, dattijo ne mai furfura, ya tanƙwashe ƙafa, da korayen fitilu a goshinsa. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, irin amsar wanda ya san shi ke riƙe da gidan.

Matata Zinatu tana zaune a kan firiza. A ciki akwai kunun ayar da aka ba ta aikinsa, na sunan gidan Alhaji Tambaya, wanda za a sha washegari. Ta ce in kai mu duk inda na ga dama, ko bangon duniya ne, amma in tuna kunun aya ba ya haƙuri da zafi, in kuwa ya yi tsami ba sunana za a riƙa kira a unguwa ba. Na tuna mata cewa na yi jami'a. Ta ce ba ta manta ba, ita ta goge mini rigar da na karɓi digiri da ita.

Sai ga mu a shingen hanya. Wani bunsuru cikin kaki ya leƙo ta taga yana tauna. Ya tambayi ko na sanar da rana cewa zan yi amfani da ita. Na ce ai rana ta kowa ce. Ya ce haka ne, shi ya sa ake bin layi. A ƙasarsu, in ji shi, rana ma'aikaciyar gwamnati ce: tana zuwa a makare, ta sa hannu, ta tafi ɗauko yara daga makaranta.

"Yau fa?" na tambaye shi.

"Yau ta tafi ta'aziyya, ranka ya daɗe. Wata ne ke riƙon ƙwarya."

Na ɗaga kai. Wata ne kuwa, tsaye a tsakiyar sama da hantsi, sanye da hular da ta yi masa yawa, yana iya ƙoƙarinsa. Ban damu ba. Batir cike yake.

Daga nan sai daji. Na zaɓi wurin da babu gida, babu hanya, babu ko sawun saniya. Na tokare tayoyi da duwatsu, na hau rufi da tsumma na goge farantan tas. Aka fara ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana yin sama, don haka gindin ɗakin ya wanku, farantan kuwa ko ɗigo ba su samu ba. Na sauko na duba dattijon. Na kankare farin gishirin da ya taru a kunnuwansa, na shafa musu mai, na ƙara masa ruwan batir. Ya ce da shayi ne da ya fi so. Na ce mai sayarwa bai gaya mini haka ba.

Na zauna a bakin ƙofa ina jin daɗin rashin mutane. Sai aka yi sallama.

Wani tsoho ne, ya fito daga cikin suri yana karkaɗe babbar rigarsa. Muka gaisa sosai. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya, ya yi mini barka da sauka, sannan ya zaro waya daga aljihu.

"Don Allah, Malam, ko kaɗan ne a sa mini."

To, mutum yana iya hana maƙwabcinsa aron tsani, yana iya cewa gishiri ya ƙare. Amma ban taɓa ganin wanda aka yi wa sallama, aka gaishe shi har da iyalinsa, sannan ya ce babu caji ba. Balle mai sola, wanda kowa ya san kyauta rana take ba shi. Na karɓa da hannu biyu.

Kafin in juyo, layi ya zagaya bayan dutse. Da farko wayoyi ne da tocila da rediyo. Sai wata mata ta kawo zakaranta, wai kwanan nan cararsa ba ta fita. Wata ta jawo mijinta, ta ce tun da ya yi ritaya yake a kashe, na jona shi ta babban yatsa ya zauna yana hamma. Bunsurun shinge ma ya zo, ba cikin kaki ba, ya ce zuwan zumunci ne, ya miƙo dutsen guga. Can sai ga wata da kansa ya sauko, ya cire hula, ya ce a ɗan taimaka masa, aikin ya fi ƙarfinsa.

Fitilun goshin dattijo suka fara mutuwa. Zinatu ta leƙo ta ce firiza ta fara gumi. Na yi mata bayani cewa ba ni ke bukatar mutanen nan ba, su ke bukatata, wanda shi ne ainihin abin da nake faɗa tun farko. Ta dube ni, ta koma ciki.

Tun da jama'a sun taru, na ga bai dace a bar su haka ba. Na jona lasifika, na kunna fanka na juyo da ita saitina, na hau kan ƙarfen da ake ɗaura ɗakin a mota, na yi musu lacca a kan dogaro da kai. Suka saurara da natsuwa, domin wayoyinsu ba su cika ba. Tsohon suri ya ce tun da yake bai taɓa jin magana mai ma'ana irin wannan ba, sannan ya tambayi ko akwai sauran wurin jonawa, ƙaninsa yana hanya.

Ina tsakiyar bayani dattijon ya fito daga ƙarƙashin gado yana dogara sanda. Jar fitila kaɗai ta rage a goshinsa.

"Maigida," ya ce, "ƙarfin da ya saura mini na abu guda ne. Fanka ko firiza?"

Na ce wannan tambaya ce mai zurfi, zan kafa kwamiti.

"Ba sai ka wahala ba," in ji shi. "Mai ɗakinka ta riga ta amsa."

Na waiwaya, na hango Zinatu ta ɗora firiza a ka, tana bin layin mutanen tana yi wa kowa sallama. Fankar kuwa tana kaɗa ni daidai yadda nake so. Dattijon ya buɗe baki, maimakon magana sai ya fara tit, tit, tit.

Inbatar gidanmu ce, na'urar solar nan, take kukan batir ya kusa ƙarewa. Gari ya waye, hadarin da ya rufe sama tun jiya bai gusa ba. Fanka tana juyawa a kaina a hankali. Na fito falo, ga wayoyin 'yan majalisarmu jere a kan kafet, waɗanda na karɓa jiya da yamma da hannu biyu, duk sun cika. An zare filogin firiza.

Zinatu tana bakin ƙofa da mayafi, kular kunun sunan a ka, galan ɗin fetur a hannu. Gidan Maman Walida za ta kai kunun a sa a firiza, mai janareta, wadda a makon jiya na aika wa saƙo cewa hayaƙinta yana damun unguwa. A ɗaya hannun ta riƙe leda da 'yan kwalaben kunu da ta ware na tukuici.

"Koma ka kwanta, Malam," ta ce. "Na bar maka fanka."