Abin da Yaya Ya So Ya Nuna Mana

Duk tsawon shekarun da Yaya ya yi yana aiki a ƙaramin asibitin wani gari na bakin kogi, bai taɓa kiran waya ya ajiye bai ce mu zo ba. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta.

"Baba, ku daure ku zo ko kwana biyu ne," haka yake cewa. "In kai ku ku ga masunta suna janyo taru da sassafe. Akwai wani tsibirin yashi a tsakiyar ruwa, fari tas kamar an wanke shi. Ga wani mai shayi a bakin gaɓa, in kun sha nasa kun daina yabon na unguwarmu."

Baba kafinta ne, kuma mutum ne mai tsoron ruwa, ko kwata ce ta cika sai ya kewaye. Amsarsa kullum ɗaya ce: "To, bari in gama ƙofofin mutane." Ƙofofin mutane kuwa ba sa ƙarewa. Umma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, ni kuma ga makaranta.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Ranar farko ya ce mana ba komai, har yana tsokanata wai na fi shi raki. Mako bai zagayo ba aka kira Baba yana shago. A lokacin ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga ba ta fita, don haka mutanen garin suka yi masa sutura suka kai shi makwancinsa, babu ko ɗaya daga cikinmu a wurin.

Sai da ruwa ya janye muka tafi kwaso kayansa, ni da Baba. Tun a mota ya ce min, "Auta, ba zama za mu yi ba. Mu ɗaure kaya mu juyo yau."

Garin titi ɗaya gare shi, ya taso daga tasha ya gangara har bakin ruwa. Shagunan kaɗan ne: mai faci, mai sayar da magani, wani mai aski da ya jingine madubinsa a jikin bishiya. Duk inda muka gifta sai mutane su bar abin da suke yi su bi Baba da kallo, saboda Yaya fuskarsa ya ɗauko, har da tafiyar. Wani ya ce da na kusa da shi, "Mahaifin Likita ne." Yaya ba likita ba ne, allura yake yi da wankin ciwo, amma a garin nan babu wanda ya san shi da wani suna.

Mai gidan da Yaya yake haya wani tsohon tela ne. Ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba, sannan ya buɗe mana ɗakin. Komai yana inda Yaya ya bari. Farar rigar aikinsa tana rataye a ƙusa, takalmansa a bayan ƙofa, kofin shayi a kife a kan tebur. A jikin bango akwai wata kanta da ya haɗa da hannunsa, ta karkace gefe guda, littattafai duk sun zame sun taru a ƙarshe. Baba ya tsaya a gabanta ya girgiza ta.

"Ɗan kafinta ke nan," ya ce. "Dubi ƙusa inda ya buga ta."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Sai idona ya kai kan wata sabuwar katifa da aka jingine a bango, ko ledarta ba a cire ba. Tasa katifar kuwa tana ƙasa, ta lotsa a tsakiya.

"Wannan saboda ku ya saya," in ji tela. "Tun bara. Na ce masa ya riƙa kwana a kai kafin ku zo, ya ce a'a, bayan Baba ba ya son katifar da aka murƙushe."

Baba ya nemi tela ya raka shi maƙabarta, ni kuma na zauna ina ninke kaya ina sharar hawaye da gefen mayafi. Da suka dawo, idanun Baba sun yi ja, ya ce in je tasha in nemo mota. Direban da na samu ya ce ta ƙarshe ta tashi tun azahar, sai gobe da safe.

Muna zaune a ƙofar ɗaki, kaya a ɗaure, sai ga wani dogon mutum baƙi, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya yi mana gaisuwar rashi, ya ce shi ne mai jirgin da ke ƙetarar da mutane.

"Likita abokina ne. Ya ce min ranar da kuka zo, ni zan tuƙa ku. Ya ce ƙanwarsa akwai surutu, kada in biye mata. Ya ce Baba kuma sai an lallaɓa shi, don ko randa ya leƙa sai ya yi addu'a."

"Shi ya faɗa maka haka?" in ji Baba.

"Wallahi shi ya faɗa."

"Mara kunya," Baba ya ce a hankali. Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na ɗauka zai sallami mutumin ne, sai na ga ya jawo takalmansa. "Tashi mu je, Auta."

Da za mu shiga kwale-kwalen sai da mai jirgi ya riƙe Baba hannu biyu. Ya zauna a tsakiya ya damƙe katakon gefe har jijiyoyin hannunsa suka tashi, bakinsa yana motsi. Da muka bar gaɓa ruwan ya yi faɗi, launin ƙasa-ƙasa, yana tafiya a hankali. Mai jirgi yana tuƙi yana nuna mana wurare. Ga inda mata ke wanki. Ga tsohon injin ban-ruwa da ya mutu aka bar shi, yara suna hawa su yi tsalle cikin ruwa. Ga wani dutse inda Likita kan zauna da ƙugiya ranar da ba shi da aiki.

"Yana kamawa?" na tambaya.

"Ina! Kifin kogin nan duk sun san shi, abincinsu kawai yake kawo musu. In ya gaji sai ya saya a hannun masunta ya ratayo, ya bi ta kasuwa yana taƙama."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, bai saki katakon ba.

Tsibirin bai gama fitowa ba, ɗan bayansa kawai ya bayyana, fararen tsuntsaye sun cika shi. Mai jirgi ya ce sai tsakiyar rani yake yin kyan da Likita ke faɗa. Muka kewaye shi muka wuce. Na zaci za mu juya, sai na ga ya miƙe zuwa ɗaya gaɓar.

"An tashi daga makaranta," ya ce. "Akwai waɗanda nake ɗauka."

Mutum ɗaya ce kawai take jira, wata mata da jakar littattafai a kafaɗa. Ba yarinya ba ce, za ta girmi Yaya da kaɗan. Ta tattare zanenta ta sa ƙafa ɗaya a jirgi, sai ta ɗago ta ga Baba. Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a ruwa. Sannan ta shigo ta durƙusa a ƙasan jirgin, cikin ruwan da ya taru, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya dubi mai jirgi. Mai jirgi ya ajiye filafilin tuƙi a cinyarsa.

"Baba, ka gafarce ni, da gangan na kawo ku a wannan lokacin. Wannan Malama ce, tana koyarwa a ƙetare. Duk kiran da Likita yake muku ku zo ku ga kogi, ita yake so ku gani."

Jirgin ya ɗan juya da kansa. Ruwa yana ta bugun katako.

"Tashi daga cikin ruwan nan, 'yata," in ji Baba. "Zauna a nan."

Ta zauna kusa da ni. Hannunta duk alli ne. Muna tafe tana magana, kanta a ƙasa. Mijinta na farko ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. A asibiti suka haɗu da Yaya, ranar da ta kai yarinyar bayan ta ƙone da ruwan zafi. Ya nemi aurenta, ta ce sai iyayensa sun yarda, don ba za ta shiga gidan da ba a so ta ba.

"Na ce ya faɗa muku ta waya. Ya ce a'a. Wai in kuka ji an ce bazawara mai 'ya, kuma ta girme shi, za ku yanke hukunci tun ba ku gan ni ba. In kuka zo kuka gan ni, ba sai ya yi dogon bayani ba."

Baba ya buɗe baki kamar zai musa, sai ya rufe. Can ya ce, "Ya san ni."

A bakin gaɓa mai jirgi ya zaunar da mu a bencin mai shayin nan, a gindin wata ƙatuwar bishiya. Mai shayi ya haɗa mana, ya ce in muka ciro kuɗi ya yi fushi. Baba ya riƙe kofin bai sha ba.

"Kina wurin?" ya tambayi Malama.

"Ina wurin, Baba. Ni da abokan aikinsa."

"Ya sha wahala?"

"Kwana biyun ƙarshe ya sha. Amma da safen ranar jikin ya yi sauƙi, har ya nemi ruwa ya sha da kansa. Gadon da aka kwantar da shi ƙafarsa ɗaya ta gaza, in ya motsa sai ya yi ƙara. Ya ce min, da babana yana nan da tuni ya ƙwanƙwasa masa ɗan katako ya huta. Ya ce kada in kira ku in tayar muku da hankali, tunda hanya ba ta biyuwa. Bayan azahar sai barci ya ɗauke shi."

Tun ranar da aka kira shi a shago ban ga hawayen Baba ba. A gida shi ne mai ba Umma haƙuri, shi ne mai karɓar masu gaisuwa. A kan bencin nan ya ajiye kofin a ƙasa, ya dafe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Mai shayi ya kashe rediyonsa. Mutanen da ke jiran jirgi suka juya baya suna kallon ruwa. Ni da Malama muka zauna muna namu kukan, hannunta a cikin nawa.

Washegari tun kafin rana ta fito Baba ya tashe ni, ya ce mu je mu ga masuntan. Muka tsaya a kan yashi mai sanyi muna kallonsu, sun jeru cikin ruwa har ƙugu suna jan igiya suna ba juna murya. Da tarun ya iso gaɓa kifi ya yi ta tsalle yana walƙiya. Baba ya kalla har aka gama raba shi a kwanduna, sannan ya ce, "To, mun gani."

Malama ta zo tasha da 'yarta, wata siririyar yarinya mai tabon ƙuna a hannu. Baba ya ce Malama ta zaɓi abin da take so a kayan Yaya. Ta ce ba ta son komai. Ya matsa mata, sai ta ɗauki farar rigar aikin, ta ninke ta sa a jaka. Sabuwar katifar kuwa Baba ya bar wa tela. Ya ɗora hannu a kan yarinyar ya sa mata albarka, ya ce da uwar, "Gidanmu gidanku ne. Ba faɗar baki nake yi ba." Ta ce ta gode. Mu duka mun san da wuya ta zo.

A hanya Baba ya ce, "Uwarki fa? Mu faɗa mata, ko mu bar ta da abin da take ɗauke da shi?"

Na ce ban sani ba.

Umma tana zaune a tabarma, ƙafafunta a miƙe, muka shigo da kayan. Ta jawo jakar tufafinsa ta rungume. Baba ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula, ya kwashe komai ya faɗa mata, bai rage ko ɗaya ba. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta juyo wurina.

"Auta, ke kika zauna kusa da ita. Yaya take?"

"Tana da hankali, Umma. Ba ta da hayaniya."

"Ta iya dariya? Shi fa ba ya zama da mutum mai ɗaure fuska."

"Ban ga dariyarta ba. Amma ina jin ta iya."

Umma ta gyaɗa kai, ta share ido da bayan hannu.

"Kin karɓo lambarta?"

Na ce na karɓo.

"To kira min ita. Kowa ya zo ya yi mana gaisuwa, ita wa ya yi mata?"