Kifin Hawa da Kifin Gangara

A rumfar gyaran raga suka ƙulla maganar, Direba da ƙaninsa Auta, a kan shingen kifin da mahaifinsu ya bar musu. Shingen sanduna ne da ya ratsa kogi, da ƙofa a tsakiya inda ake ɗaura babban kwandon kamu. In aka juya bakin kwandon wajen teku, ya tare kifin da ke hawowa. In aka juya shi wajen tudu, ya tare mai gangarawa.

"Ba sai mun yi dogon turanci ba," in ji Direba. "Abin da ya hawo nawa ne, abin da ya gangara naka."

"Yaya, ka dai sake tunani. Kogin ba yadda ka bar shi yake ba."

Direba ya yi murmushi. Ya yi rayuwa a tasha cikin dillalai, ya san in mutum ya ce ka sake tunani, to idonsa na kan kayan.

"Auta ke nan. Ni da na goya ka za ka yi wa ciniki? Kawo hannu."

Auta ya miƙa hannu.

Tun yana saurayi Direba ya bar gida, ya yi ta jan babbar mota har baya da ido suka ce sun gaji. Da ya ce zai koma bakin kogi, matarsa ta yarda da sharaɗi: damina ɗaya. In ruwa bai ciyar da su ba, sai su tattara su koma birni, ɗakin da mijin 'yarsu ya ware musu. Shi kuwa Direba ba abin da ya tsana irin ya wayi gari yana jiran suruki ya fita kafin ya miƙe ƙafa a tsakar gida.

Abin da ya dogara da shi farin kifi ne. A tsakuwar can saman kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku bai fi yatsa ba, ya yi ƙiba a ruwan gishiri, sannan in ruwan farko ya sauka ya juyo ya zuba ƙwai daidai inda aka haife shi. Baba yakan ce warin ruwan gidansu suke bi. A zamanin da Direba ke tunawa, kogin kan yi ta walƙiya kamar an zubar da cokula. Inna ta yi ta banda har hayaƙi ya kama musu riguna, kyanwar gidan ma ta ga kifi ta kau da kai. In suka gama zuba ƙwai suka juyo, sai fata da ƙaya, kamar tsohon takalmi. Sai kuma wani dogo mai santsi kamar maciji, wanda Baba kan jefar saboda ba mai ci. Wannan shi ne rabon da ya yanka wa ƙaninsa, yana jin daɗin wayonsa.

Ruwa ya sauka, kogi ya yi ja. Kullum da safe Direba ya tura kwale-kwale ya ɗaga kwando. Yau ganye, gobe kifi ɗaya tilo.

"Maigida, in ɗora tukunya ko in jira baƙin naka su gama shiri?" matarsa kan tambaya.

"Suna hanya."

"Da motarka suka taho ke nan."

Da abin ya ishe shi, ya bi gaɓa da ƙafa zuwa tsakuwar da suke wanka suna yara. Bai kai ba. Katangar siminti ce ta tsaya a gabansa, madatsar da aka gina don noman rani. Ya taɓa jin labarinta a tasha, ya ɗauka wani wuri ne can nesa. Tsakuwar na bayanta, ƙarƙashin tafki. A gindin katangar ya ga farin kifi 'yan kaɗan suna zagaye, su taso su bugi siminti, su koma, su sake tasowa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu.

Da ya dawo, ya tarar da Auta yana ɗinkin raga.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya maka, Yaya, ka ce ciniki nake."

"Kai da me kake ci duk shekarun nan?"

"Da dogon nan da Baba ke jefarwa. Shi tafiyarsa a juye take. A teku ake haifarsa, ya shigo yana kamar zare, ya girma a taɓon nan namu, sai ya yi kitse sannan ya gangara. Bai damu da tsakuwa ba. Yanzu masu motar ƙanƙara har layi suke yi a kansa." Ya ajiye allura. "Mu warware maganar nan. Abin da kwando ya kama, mu raba."

Direba ya girgiza kai. "Ni na yanka, da bakina, a rumfar da kowa ke zama. Gobe a ce Auta ke ciyar da yayansa."

Da matarsa ta ji, sai ta ce, "Wato cin na suruki ya fi maka sauƙi a kan cin na ƙani?"

"A can ba wanda ya san ubana."

Ranar juya kwando shi ya shiga ruwa har ƙirji, ya karkata bakin wajen tudu, ya ɗaure da irin ƙullin Baba, wanda Auta bai taɓa iyawa da kyau ba. Washegari shi da matarsa suka hau mota, a karon farko yana kujerar fasinja, yana ta gyara wa yaron da ke tuƙi.

In ana maganar riba, matar Direba ce ta ci: ta koma kusa da jikokinta da ruwan famfo. Auta ya samu shinge duka, hawa da gangara, amma har yau in ya tashi shan shayi shi kaɗai yake sha, kuma bai ce ya ci riba ba. Direba ne ya yi asara, shi da farin kifi. Wai in ruwan farko ya sauka a birni, yakan fito ƙofar gidan surukinsa ya tsaya yana shaƙar iska.