Gwangwani Mai Jan Murfi

Babanmu akawu ne a kamfanin sayar da taya, amma in ya zauna cin abinci sai ka rantse shi ke duba girkin manyan otal. Yau shinkafa ta caɓe, gobe ƙwai ya ƙone. Umma dai sai ta ce, "To, a yi haƙuri."

Da annoba ta zo aka hana fita, kantin layinmu ya koma kamar an share shi da tsintsiya. Umma ta sha layi tun safe, ta dawo da kabeji ɗaya da ashana. Ba shinkafa, ba ƙwai, ba fulawa, ko taliya babu.

"Ke dai ba ki iya nema ba," in ji Baba. Ya ɗaura takunkumi, ya sa safar hannu, ya fita kamar mai tafiya yaƙi.

Sai la'asar ya dawo yana haki, da katan biyu na gwangwani, ko ɗaya babu takarda a jiki. Wai ruwa ne ya shiga sito ya ɓare takardun, mai kanti ya tattara masa saboda mutunci.

"Me ke ciki, Baban yara?" in ji Umma.

"Abinci mana."

Kaka, mahaifiyarsa, ta leƙa katan ɗin ta ce, "Allah ya sa ba fenti ba ne."

Daga ranar cin abinci ya zama caca a gidanmu. Umma za ta girgiza gwangwani a kunne kamar mai duba, ta ce masara ce, a fasa a ga abarba. Mun karya da wake, mun ci kabeji da abarba da rana, mun kwana da tumatir zalla. Ni da nake cewa wake na ɓata min ciki, sai ga ni ina lashe cokali.

Baba kuwa ya gano cewa masu jan murfi nama ne niƙaƙƙe mai ƙamshin kifi. Nan take ya kwashe su ya kulle a kabad ɗinsa.

"Wannan sai wanda ya saba," ya ce mana. "Cikinku ba zai ɗauka ba."

Kullum zai shafa a biskit, ya lumshe ido, mu muna fama da wake. Har ya shawarci Umma ta ɗanɗana kaɗan ko ta koyi yadda ake haɗa kayan ƙamshi.

Wata rana yana tsakiyar ci wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa duk maiƙo, ya ce in buɗe murya kowa ya ji, tunda mai kanti ne, wataƙila shinkafa ta iso.

"Yallaɓai, don Allah a duba min katan ɗin nan. Masu jan murfin abincin kyanwar wata mata ne, ita ta yi odarsu. Ta hana ni sakat."

Umma ta kifa kai a kan tukunya, kafaɗunta na rawa.

"Haba," in ji Kaka, "shi ya sa kwana biyun nan ban ji motsin ɓera ba."

Baba ya daɗe a banɗaki yana kurkure baki. Da ya fito ya jawo kujera kusa da mu, ya miƙo faranti aka zuba masa wake, bai ce ya yi gishiri ba.

Washegari ni na ɗauki ragowar a leda na bi Baba kanti. Matar na tsaye can nesa da takunkuminta, ta leƙa ledar ta ga abin ya yi rabi.

"Sauran fa?"

Mai kanti ya yi wuf ya rufa asiri: "Ai su ma suna da kyanwa a gida."

Fuskarta ta saki. "Allah sarki! Ta dai ci ko? Tawa tsirfa gare ta, ba komai take ci ba."

Baba ya gyara takunkumi, ya kalli silin.

"Ta ci," ya ce.