Babban Yatsan Torleif

Duk wanda ya koyi nutso a garin nan na arewacin Norway, a hannun Torleif ya koya, kuma da magana ɗaya yake fara wa kowa: in kana ƙarƙashin ruwa ka ji ba daidai ba, ɗaga babban yatsa, kowa ya kamo hanyar sama, ba tambaya, ba gori. Shi kuwa gogan, har furfura ta cinye masa gemu bai taɓa ɗaga nasa ba. Dokin mai baki ya fi gudu.

Ranar Asabar ɗin, tun a cikin kwalekwale 'yarsa Ragnhild ta lura da robar wuyan rigarsa ta nutso, wadda ke hana ruwa shiga, ta tsage an liƙe da gam.

"Baba, rigar nan fa ta girme ni."

"Ta kuma fi ki jin magana."

Oddvar matuƙi ya tuntsire da dariya, yana zuba musu gahawa. "Ƙyale tsohon kifin nan, yarinya. Sanyi ma tsoronsa yake ji."

Ragnhild ta ci gaba da ɗaura kayan nutsonta. Ba a gaban mutane za ta kunyata ubanta ba.

Ita da uban suka bi igiya zuwa ƙasan teku. Ruwan kore ne da farko, sannan ya koma baƙi, sanyinsa na cizon leɓe kamar an ɗora ƙarfe. Wani jirgin ruwa na kaya da ya nitse tun zamanin yaƙi yana kwance a gefensa, tsatsa da laka sun rufe shi. A bakin ɗakin injin ta haska uban da tocila. Ya haɗa yatsu biyu, alamar lafiya lau, amma hannun rawa yake yi. Nan ta gane ruwa na shiga masa ta wuya. Babban yatsanta ya yi mata ƙaiƙayi, sai ta tuno dariyar Oddvar, ta bi bayansa suka shiga.

A cikin jirgi ba a buga ƙafa da ƙarfi, shi ma Torleif ne ya koya musu. To amma ƙafar da sanyi ya kama ba ta jin umarni. Takalminsa na ninkaya ya daki ƙasa, lakar shekara da shekaru ta tashi, hasken tocila ya zama banza. Ragnhild ta damƙe siririyar igiyar da suka ɗauro daga ƙofa, ta laluba da ɗaya hannun har ta kama kafaɗarsa. Da jan jiki suka fito, tsoro ya cika ta, sun kuma daɗe a ƙasa fiye da yadda suka shirya.

A wajen jirgin ya juyo ya dube ta. Sannan a hankali ya ɗaga babban yatsa. Ragnhild ta fashe da kuka a cikin gilashin fuskarta.

Wanda ya daɗe a zurfi ba ya fitowa kai tsaye. Dole ya tsaya a hanya, ya rataye a igiya har iskar da ta shiga jininsa ta fita, in ba haka ba ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza. Suna cikin hawa iskar da ke cikin rigar Torleif ta fara kumbura rigar, tana jan shi sama. Abu ne na danna maɓalli a saki iska, amma yatsunsa sun sandare, ta ga yana dukan wurin da hannu kamar da itace. Igiya ta kuɓuce masa. Ta kai cafka, ta kama takalminsa, takalmin ya zare ya zauna a hannunta. Shi kuwa ya wuce sama.

Ko'ina a jikinta cewa yake ta bi shi. Amma ta san in ta bi, gawa biyu za a iya kwashewa. Ta rataye a igiyar nan, rungume da takalmin, tana kallon inuwar kwalekwale a samanta tana tangaɗi yayin da ake jawo shi. Ta tsani uban, ta tsani Oddvar, ta fi tsanar kanta.

Da ta fito ta tarar mutanen kwalekwalen sun yanke rigar, sun lulluɓe shi da barguna, an sa masa robar shaƙar iska. Oddvar ba dariya yanzu, yana ta magana a rediyo, ya ce jirgin sama mai saukar ungulu na hanya.

Torleif ya janye robar. "Kin cika tsayuwarki?"

"Na cika, Baba."

"Yauwa. Da kin biyo ni, da na ci mutuncinki."

"Tun a bakin ƙofa na ga hannunka. Da na ɗaga..."

"Ke, rufe min baki. Naki yatsan ne ke rawa?"

Ta durƙusa wajen ƙafafunsa, ta kama ɗaya tana murzawa da ƙarfi don ta ɗumama. Ya lumshe ido, can ya ce, "Ragnhild, kin tsaya kawai. Zo ki cire min ɗaya takalmin mana."

An daɗe da cire shi. Ƙafar tana tsirara a tafin hannunta, ta matse ta iya ƙarfinta, uban bai ko ji tana taɓa shi ba.